Rigar Gola

Ban taɓa mantawa da ranar da injin wankina ya kama bubbuga bangon kicin, gab, gab, kamar zai faso waje ba. Riga ɗaya da gajeren wando ne kawai a cikinsa, shi ya sa ya rasa daidaito.

Ku da kuka karɓi aikin nan bayana, kun san tsarin. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan nan tamu ta Thamesmead tana wasa ran Asabar, a tara kaya a jaka guda, in kai gida in wanke, in dawo da su a ninke ran Alhamis. Wancan makon sai sakataren ƙungiya, Malam Bashir, ya miƙo mini jaka da wata leda daban. Ya ce ta Samira ce, golarmu, wai rigarta ruwan ɗorawa tana zuba.

Shekara nawa ina wanke rigar nan, ban taɓa ganin ta zuba ba. Na buga masa waya. Ya yi ta inda-inda, sannan ya faɗa mini gaskiya: an ga hoton Samira da wata mace irin na masoya, ta kuma ce ba za ta musa ba. 'Yan wasa biyu suka ce ba za su sa rigar da ta sha ruwa ɗaya da tata ba.

Raina ya ɓaci. Ni na san abin da addinina ya ce, ban kuma canja ba. Amma yarinyar nan 'yar Kumasi ce, ba ta da kowa a garin nan, ita ke ɗaukar mini jakar har bakin bas. Yanzu da hannuna zan miƙa mata kayanta a leda kamar shara, a gaban kowa? Na san in ta ga ledar nan ba za ta sake dawowa ba.

Na ce, "Malam, wanki aka ɗauke ni, ba alƙalanci ba."

Ya ce, "Hajiya, zaman lafiya nake nema."

Na haɗa komai na sake wankewa. Ran Asabar su biyun suka ƙi shiga fili, aka lallasa mu. Samira ta same ni bayan wasa, idonta ja wur, ta ce da Hausarta ta zango, "Anti, da ka bari kawai." Na ce ta tafi ta sha ruwa. Ran Alhamis kuwa ta zo, ita ce ma ta farko.

Su biyun ma sun dawo, sai dai kowacce ta koma tafiya da rigarta gida ta wanke da kanta. Abin da na lura ke nan a aikin nan: masu son a ware wani ba sa faɗa da bakinsu, sai su nemi mai wanki ta yi musu.

Muna ninkin kaya, autata Hanan ta ga babu nasu a jakar. Na yi mata bayani sama-sama. Sai ta ce, "Mama, yanzu su ne ake wanke wa daban ke nan?"