Kukan Kwamfutar Yayana

Yayana ne ya haɗa kwamfutar da hannunsa, a kan tabarmar Inna, can gidanmu na Malbaza. Direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar siminti, amma tun yana lakwal, wato makarantar boko, yake son kwance kayan wuta. Akwatin a kasuwar Ƙonni ya saye shi, sauran kayan cikin kuwa ya yi ta tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga tsallaken iyaka. Ni ya haɗa wa ita, don in riƙa buga wa 'yan makaranta da malamai takardu. Ranar da ya gama ya sa na durƙusa kusa da shi, ya nuna mini wasu siraran faranti kore guda biyu, tsaye cikin raminsu.

"Waɗanga su ne baret," in ji shi. "Nan take ajiye abin da take tunani a kai. In sun tashi daga wurinsu, ba ta farkawa, sai kuka."

Da damina aka ba shi lodi zuwa arewa, hanyar da a lokacin mutane ba su son ambatonta da ƙarfi. Al'adarsa duk inda ya yada zango sai ya kira Inna. Ya kira daga Tawa. Daga nan shiru. In na kira, sai muryar nan ta mace ta ce ba a samun lambar.

Cikin wannan shirun ne wata safiya na danna maɓallin kwamfutar. Fankar ciki ta juya, ekran, wato fuskar kwamfutar, ya tsaya baƙi ƙirin, sai wani ƙara siriri mai tsawo ya fito. Ya yanke, ya sake. Na kashe, na kunna. Haka dai.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na ji rariyar ta tsaya.

"Mi ke kuka haka nan?"

"Kwamfuta ce, Inna. Ta ƙi tashi."

"Abin da ya gina da hannunai?" Ta zo bakin ƙofa, gari har gwiwar hannu. "Kashe shi. Ban son jin wanga kuka cikin gidana."

Na kashe. Amma da ta tafi gidan maƙwabta tambayar ko wani direba ya dawo, sai na jawo akwatin. Da farko na zargi kuran, wato lantarki, don ya yi ta ɗaukewa a makon, na canja wayar wuta, na canja wurin jonawa. Kukan bai canja ba. Na ɗauko wuƙar yanka albasa na kwance kusoshin murfin.

Zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki. Ya shiga ta ramin iska ya gina laka jikin ɗaya daga cikin baret ɗin, lakar ta sha danshin damina ta yi kore-kore. Da na taɓa ta fashe, sai ga 'yan tsutsotsi da ya tara wa 'ya'yansa sun zubo, a sandare, ba su mutu ba kuma ba su motsi. Na daɗe ina kallonsu kafin na share.

Na danne 'yan maƙallan gefe kamar yadda na ga ya yi, na zare baret ɗin duka biyu. Na goge bakinsu da magogin fensir, na hure ramukan, na mayar. Kuka. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ɗakin ya yi duhu, kamyoyi suna wucewa a titi ƙasa tana rawa, kowanne sai na kasa kunne ko zai tsaya. Na cire wanda lakar ta ci, na bar ɗayan shi kaɗai. Na danna. Ƙara ɗaya gajere, ekran ya yi haske.

Ban yi murna ba. Na zauna da mataccen baret a tafin hannuna, ina jin Inna tana shigowa, takalminta yana jan ƙasa. Ba wanda ya ji labarin Yayana da yaron motarsa, in ji ta.

Bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar Yayana ce, amma kamar daga cikin rijiya. Ya ce yana da rai, a ce wa Inna ta yi sadaka. Na tambaye shi yaron motarsa, wani saurayi ɗan Alela da ke cin tuwo gidanmu duk dawowa. Sai layin ya yanke.

A motar haya ya dawo, ba kamyo, ba takalmi. An tare su a daji, abin da muka samu daga bakinsa ke nan. Washegari shi da kawunmu suka hau babur zuwa Alela, ga iyayen yaron motar, domin shi bai dawo ba.

Inna ta ce kwamfutar ba ta ƙara kwana gidanta. Na kai ta shagon gwaggona bakin tasha, inda na ci gaba da aiki da ita tana tafiyar hawainiya. Yayana bai koma tuƙi ba. Gona ya kama, ya shuka wake a ƙarshen daminar, kuma har yau bai bar kowa cikinmu ya bi hanyar arewa ba.