Gadon Tankin da Ya Faɗi da Yaya Sumaila

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sumaila, mai walda a Moshi Zango. Tare muke aiki: shi ke aunawa ya yanka ƙarfe, ni in haɗa.

Yaya mutum ne mai taurin kai. Ba ya miƙa aiki ga mai shi sai ya gwada da jikinsa. In kujera ce, ya zauna ya girgiza; in tsani ne, ya taka har ƙarshe. Da muka ƙera wa wani gida a unguwar Atonsu gadon ɗora tankin ruwa, sai da aka cika tankin, sannan ya hau. Ƙafar gadon ɗaya ta lanƙwashe. Bai kai asibiti ba.

Ba wanda ya taɓa ce mini uffan, amma ni na san hannun da ya yi waldar. Da wannan na rayu, ko matata ban gaya wa ba.

Bana 'yarsa Rukaya ta gama karatun injiniya. Aikinsu shi ne su gina abu cikin kwamfuta, su ɗora masa nauyi, su ga inda zai karye tun ba a sayi ƙarfe ba. Da Yaya ya ga wannan, na san sai ya yi tsaki ya tambaya ko kwamfutar ta taɓa ƙonewa da tartsatsi. Daga baya kuma sai ya jawo benci gaban kwamfutar ya hana kowa kallo.

Na ɗauko littafinsa na awo na kai mata. Ta zana gadon, ta cika tankin. Mahaɗan da na yi wa walda suka tsaya shuɗi, tsakiyar ƙafar ta koma ja, alamar nan ne za ta karye.

"Baba Ƙarami, ba waldarka ba ce," in ji ta. "Ƙafar ta yi tsawo, kuma ba tokari. Ƙarfe biyu kawai ya rage."

Ta ƙara su, gadon ya tsaya cak.

Na ɗauka zan ji sanyi. Ban ji ba. Wanke ni da ta yi, awon ubanta ta kama, ita ma ta sani. Duk da haka ba ta ɓoye ba, kuma a nan na ga Yaya: shi ma bai yarda a rufe aibin aiki ba, ko nasa ne.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Wallahi da in san kuskurenka ne, gara a bar ni da laifina.