Kaskon Turaren da Na Kai wa Malamata

Ko zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan manta ranar da na kai wa malamata goron sallah ba. Shekara shida ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini sai in yi salati. Daga baya ne dariya ke zuwa, ita ma ba kullum ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta digirina na uku, gwamnati ce ke ɗaukar nauyina, saura wata bakwai in miƙa aiki in tattara in dawo gida. Ina zaune a wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam, hawa na goma sha huɗu. Ni kuwa Bakanuwa ce, a gidanmu mace ba ta fita ƙofa ba ta turara jikinta ba. Mahaifiyata da kanta take haɗa mana, kajiji da sandal da wasu itatuwa, ta daka, ta shanya. Da zan taho sai da ta cika mini gwangwanin madara biyu. Ni duk abin da zan rasa a ƙasar mutane in rasa, ban da wannan.

To, wata safiya na ɗora gawayi a kan gas ya kama, na zuba turare, ina tsaye a kan kasko ina jin daɗina, sai ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka. Kafin in kashe garwashin mai gadi ya hawo yana haki, maƙwabta sun firfito. Da rana mai gidan ya kira ni, cikin ladabi irin nasu, ya ce in aka sake haka sai dai in nemi wani wurin zama.

Ƙofar da ke kusa da tawa wata Hajiya ce 'yar Zariya, mijinta yana koyarwa, sun fi shekara goma a garin. Tun ban zama dakta ba take ce mini Dakta, don tsokana. Da ta ji labari ta sha dariya, sannan ta ce, "Dakta, ki shirya ranar Asabar mu je Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin kantunan nan. Akwai kasko na lantarki, ba hayaƙi ba gawayi."

Na ce, "Haba Hajiya, a wannan zamanin? In shiga rana ina bin kantuna ɗaya bayan ɗaya? Ina zaune a nan zan nemo wanda ya fi nasu."

Ta ce, "To, 'yan boko. Allah Ya ba da sa'a."

Kun ji inda na fara ɗebo ruwan dafa kaina. Ni a lokacin gani nake ba abin da zai gagare ni in dai akwai waya a hannuna, bincike ai shi ne sana'ata.

Na shiga kasuwar intanet. So nake in samu ƙarami, mai caji, wanda zai shiga jaka, don in riƙa turara hijabina kafin in shiga ofis. Can na ci karo da wani mai sayarwa da ya jera wasu 'yan na'urori, ya rubuta cewa na ɗumama busassun ganyaye ne da itatuwa masu ƙamshi. Ba wuta, ba hayaƙi, ba toka. Na ce alhamdulillahi, ga abin da nake nema.

Kwana uku na yi ina zaɓe, wallahi kwana uku cur. Har jadawali na zana a littafina kamar mai haɗa babi na biyu: wanne ne batirinsa ya fi daɗewa, wanne ake iya rage masa zafi, wanne ya fi sauƙin gogewa. Na karanta shawarar da aka ba sababbin shiga, cewa kada a sayi mai maɓallai da yawa, a fara da zafi kaɗan, a tabbatar ganyen ya bushe kuma an marmasa shi. Na ce ai kamar Mama suka gani tana daka. Na karanta abin da masu saye suka rubuta a ƙasa. Wani ya ce ko maƙwabcinsa ba ya jin komai, na ce madalla, ƙararrawa ta huta. Wani ya ce tun da ya saya yake barci mai daɗi, na ce ai ƙamshi rahama ne. Yanzu in na tuna waɗannan maganganun sai in riƙe baki, komai a fili yake, ni ce dai idona ya rufe. Na zaɓi wani baƙi, na ce a kawo biyu, ɗaya nawa, ɗaya na kyauta.

Da ya iso, tsawonsa bai wuce ƙaramar tocila ba. Yana da ɗan rami da ake zuba abu, da ɗan burushi, sai wani ɗan bututu mai faɗi a samansa. Na ɗauka ta nan ƙamshin ke fita. Na zuba kajiji, na kunna, ya yi ɗan gurnani a hannuna, amma ƙamshin da kyar. Sai na cire bututun na bar ramin a buɗe, na cusa shi ƙarƙashin hijabi. Ba laifi, yana kamawa kaɗan-kaɗan. Bai kai garwashi ba ko kusa, amma tunda ni na zaɓo da kaina, ai ba zan ce bai yi ba. Na jefa shi a jaka tare da ɗan ƙullin turare a farar leda, duk inda za ni muna tare.

Bayan sati uku aka yi ƙaramar sallah. Mutanen can suna da al'adar buɗe gida, duk wanda ya zo ya shiga ya ci. Malamar da ke duba aikina, wadda muke kira Prof, ta gayyaci ɗalibanta. Mace ce mai tsanani a aiki, mai kirki a waje, kuma komai nawa a hannunta yake: ita ke sa hannu a rahoton da ake aika wa masu ɗaukar nauyina, ita ke sa hannu a takardar sabunta izinin zamana. Ta sha ce mini ƙamshin hijabina yana burge ta. Sai na naɗe ɗaya na'urar a takarda mai kyalli, na haɗa da ledar turare, na yi kwalliya na tafi.

Gidan cike da mutane, ana ta "makan, makan", wato ci, ci, kowa na tura maka faranti. A baranda wani dattijo siriri yana fifita gawayi yana gasa irin tsirensu, shi ne mijinta. Na san ya yi ritaya, ban san daga wane aiki ba. Na miƙa wa Prof kyautar, ta yi godiya za ta ajiye, don su ba sa buɗe kyauta a gaban mai ita. Ni da iyayi na ce, "A'a Prof, buɗe ki gani, sai na nuna miki yadda ake yi." Ta buɗe. Na karɓa, na warware leda, na fara ɗura garin a ramin ina bayani da ƙarfi, mata uku sun kewaye ni suna kallo.

Daidai nan dattijon ya shigo da faranti. Ya tsaya. Ya dubi hannuna, ya dubi ledar, ya ajiye farantin a hankali. Ya yi wa matarsa magana da yarensu, gajeriya, sai na ga murmushin fuskarta ya ɗauke ɗif. Ya juyo ya ce, "'Yata, zo mu je ciki." Ya karɓe abin daga hannuna ya sa a aljihu.

Prof ta biyo mu kicin, ya tura ƙofa. Ya ce, "Wa ya ba ki wannan?"

Na ce, "Ni na saya, Baba. Kaskon turare ne."

Ya ce, "Rabin rayuwata na yi a aikin ɗan sanda, a sashen masu kama ƙwaya. Wannan ba kasko ba ne. Da shi ake zuƙar tabar wiwi." Ya ɗauko bututun nan da nake cirewa, ya mayar da shi mazauninsa. "Nan ake zuba ganyen, nan kuma ake sa baki."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san lokacin da na zauna a kan buhun shinkafa ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne sanarwar da ake yi a jirgi kafin a sauka ƙasar, cewa harkar ƙwaya a nan tana iya kai mutum ga rasa ransa. Sau nawa na ji ta ina gyara ɗankwali, ina cewa wannan ba da ni ake ba. Yau ga ni a gidan malamata, ranar sallah, na ɗura gari a abin shan wiwi a gaban baƙinta.

Prof ta tsaya a kaina. Ta ce, "Ki dube ni. Ki gaya mini gaskiya, kina sha?"

Wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo. Shekara uku matar nan tana ganina da hijabi har ƙasa, tana ganina a masallacin makaranta. Amma ban ga laifinta ba, ni ma da ni ce ita haka zan tambaya. Na buɗe baki, Turancin ya gudu, sai rantsuwa nake da Hausa hawaye na zuba. Na san kalma ɗaya in ta rubuta a kaina, karatu ya ƙare, tallafi ya ƙare, in koma gida da sunan da har jikokina sai an goranta musu.

Dattijon ya ce, "Guda nawa kika saya?"

"Biyu."

"Ina ɗayan?"

Na nuna jakar da ke kafaɗata. Ya zazzage ta a kan tebur, ga shi nan ya faɗo, bakin ramin ya yi baƙi don amfani, ga ƙullin leda ba rubutu ba komai. Ya ce tun yaushe nake yawo da shi. Na ce sati uku. Ya ce ina da ina. Na fara lissafi: jirgin ƙasa kullum, ƙofar makaranta, ɗakin karatu, asibiti. Sai na tuna, na ce har ofishin shige da fice na je da shi ranar Talata, an ma leƙa jakar a bakin ƙofa. Ya dafe kansa da hannu biyu ya ce, "Ya Allah."

Ya shinshina ledar, ya murza garin a yatsa, ya ce bai yi kama da wiwi ba, amma bai san mene ne ba, kuma an sha kawo masa abubuwa a siffar da bai sani ba. Nan Allah Ya ba ni dabara. Na ce, "Baba, don Allah a ba ni garwashi ɗaya." Ya fita baranda, ya dawo da garwashin tsire a kan wani ɗan faranti. Na barbaɗa garin yadda Mama take yi, kaɗan a gefe, ba a tsakiya ba. Hayaƙi ya miƙe. Kicin ɗin nan da ke warin albasa da man gyaɗa ya koma ɗakin mahaifiyata.

Prof ta lumshe ido. Can ta ce, "Haka gidan kakata yake yi duk jajiberin Juma'a." Ta sunkuyo ta kama hannuna ta tashe ni, ta ce in yafe mata tambayar da ta yi.

Shi kuwa bai yi murmushi ba. Ya ce, "Turarenki gaskiya ne, na yarda. Amma ki ji da kyau, 'yata. Da a hanya aka tare ki, ba mai kawo miki garwashi. Baƙuwa, ga leda ba suna, ga wannan an yi amfani da shi. Rufe ki za a yi har sai an gwada garin an gwada ki, kafin nan labari ya riga ya kai makarantarku." Ya zare batiran, ya jawo turmin dutsen da suke daka yaji, ya farfasa na'urorin biyu a gabana. Kwana ukun da na yi ina bincike ko minti biyu bai yi a turmin nan ba.

Da za mu fito Prof ta gyara mini hijabi ta ce, "Ke da ba kya barin jimla ɗaya a aikinki sai kin bi asalinta, kika sayi abu ba ki tambayi kowa ba? Wanke fuskarki, ki zo ki ci abinci." Na zauna da faranti a cinya, ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba.

Ina isa gida ƙofar Hajiya na fara bugawa. Na zata dariya za ta yi. Ba ta yi ba, salati ta dinga yi tana tafa hannu, ta ce, "Dakta, kin tsallake rijiya da baya. Je ki yi nafila." Ranar Asabar ta sa ni gaba har Jalan Tuanku Abdul Rahman. Kantin farko da muka shiga, ga kaskon lantarki nan jere a kan kanta, manya da ƙanana, kuma jikin shagon da nake sayen hijabai ne, na wuce shi ya fi sau ashirin. Sai a nan ta rama. Ta ce, "Ki duba da kyau fa, ko sai mun ba ki kwana uku?"

Prof ta sa hannu a takarduna, ba ta sake tayar da maganar ba har na gama. Kaskon da Hajiya ta zaɓa mini yana nan a ɗakina a Kano, yana aiki har gobe.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar da ba taka ba, abin da ba ka sani ba ka tambayi mutum mai rai wanda ya riga ka zuwa, komai yawan karatunka. Mai sayarwa abin da zai sa ka saya kawai zai rubuta. Na kusa zubar da wahalar shekara uku da mutuncin gidanmu saboda ina jin na fi ƙarfin tambaya. Kwana uku ina tambayar waya, alhali Hajiya tana nan, bango ɗaya ne tsakaninmu.