Riga Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Riguna goma sha takwas ƙungiyarmu take da su, ba ƙari. A gidana na Kakuri ake ajiye su cikin wata tsohuwar jaka, domin ni ne sakatare. Karatuna bai yi nisa ba, amma rubutuna yana karantuwa, kuma tun ina aiki a masaƙa ni nake rubuta sunayen 'yan ƙwallon ma'aikata. Da masaƙa ta rufe, ƙwallo ba ta tsaya ba. 'Ya'yan abokan aikinmu da makanikai da masu walda suka ci gaba da bugawa. Muka yi rajista, muka shiga gasa, muna hawa a hankali, har muka kai matakin da duk ƙungiyar da ta zo ta ɗaya za ta haye rukunin ƙwararru. Shekara da shekaru abin da nake jira ke nan.

Aikina uku ne. In rubuta sunan kowane ɗan wasa da lambar rigarsa kafin a fara, in sa hannu a rahoton alƙalin wasa bayan an tashi, sannan in riƙe lissafin katin gargaɗi. Dokar gasarmu ita ce, wanda ya tara katin gargaɗi uku ba zai buga wasa na gaba ba.

Muna da wata al'ada da muka taso da ita daga ƙwallon unguwa. In rigar wanda ke cikin fili ta yage, sai a tuɓe ta wani da ke zaune a benci a miƙa masa. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, ba mu kuma taɓa tunanin sanar da alƙali ba. Riga dai riga ce.

A shekarar da nake magana a kanta, saura wasa biyu a rufe kaka muna na ɗaya, wata ƙungiya daga wajen Rido tana bin mu da maki ɗaya tak. Ƙarfinmu duka yana ƙafar kyaftin ɗinmu, wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Kakuri, wanda Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan kaifi, musamman wajen zagi. Yana ɗauke da kati biyu. Na ja masa kunne kafin wasa.

“Oga Sakatare, kwantar da hankalinka,” in ji shi. “Yau ko marina aka yi, godiya zan yi.”

Ana dab da hutun rabin lokaci wani mai tsaron baya ya cafko rigarsa ta baya, ta tsage tun daga wuya har ƙugu. Da suka fito hutu, koci ya waiga benci ya ce wa wanda ke kusa da shi ya tuɓe. Wanda ke kusa da shi wani mai walda ne daga unguwar Television, ɗan kudancin Kaduna, mutum mai shiru-shiru wanda ya fi zama a benci fiye da shiga fili. Da ni da mahaifinsa mun yi aiki a sashe ɗaya a masaƙa, kuma ni na kawo shi ƙungiyar. Lambarsa goma sha huɗu. Ya tuɓe ya miƙa, ya zauna da singileti.

Minti kaɗan da komawa, kyaftin ya kai wa wani ƙafa. Alƙali ya ɗaga kati, ya juya shi ya dubi bayansa, ya rubuta. Ina tsaye a bakin layi ina kallo. Kati na uku ke nan. Ba shi ba wasan ƙarshe.

Mun ci wasan. Da aka kawo mini rahoto in sa hannu, sai na ga an rubuta katin a kan lamba goma sha huɗu. Na tsaya da biro a hannu. Alƙalin yana goge gumi, yana duba agogo.

“Baba, akwai gyara ne?” ya tambaye ni.

“Babu,” na ce, na sa hannu.

Ba zan ce kuskure ne ba. Na gani da idona, na kuma gane abin da nake yi. Abin da na faɗa wa kaina shi ne, ai ba ni na rubuta ba, alƙali ne ya rubuta.

A cikin motar komawa kyaftin ya matso kusa da ni, ya rage murya.

“Oga, na ɓata aiki ko?”

“Takarda ba ta ce ka ɓata ba.”

“Wato zan buga?”

“Ka dai yi shiru da bakinka.”

Koci ma ya sani. Bai ce komai ba, ni ma ban ce masa ba. Duk makon nan in mun haɗu a filin atisaye, gaisuwa kawai muke yi, kowa ya kama gabansa.

Ranar wasan ƙarshe filinmu ya cika, mutane har kan katanga da rassan bishiya. Matata ta ɗinke rigar kyaftin mai lamba tara, ɗinkin yana nan a baya kamar tabon aiki. Saura kaɗan a tashi kyaftin ya sa kai ya zura ƙwallo ɗaya, ita ce ta raba gardama. Aka ɗauke shi a kafaɗa, 'yan acaɓa suka yi ta hon daga Kakuri har Sabon Tasha. Wasu suka so su ɗaga ni, na ce bayana yana ciwo. Gaskiyar magana, bayana lafiya ƙalau yake.

Kwana uku bayan haka takarda ta iso. Ƙungiyar Rido ta shigar da ƙara. Sun ce mun saka ɗan wasan da bai cancanta ba, kuma hujjarsu mai sauƙi ce: a rahoton kwamishinan wasa, wato jami'in da ke zaune yana rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita, babu inda aka nuna lamba goma sha huɗu ya shiga fili. To yaya wanda bai shiga ba ya samu kati? Kwamitin ladabtarwa ya kira mu ranar Litinin. In ƙarar ta tabbata, za a ƙwace makin wasan ƙarshe, su haye, mu zauna.

A nan ne ya kamata in tsaya. Maimakon haka, ranar Asabar da hantsi na hau acaɓa na tafi Television.

Na same shi tsugune a gaban rumfarsa yana haɗa tagar ƙarfe. Ya ture baƙin tabarau zuwa goshi, ya jawo mini benci, ya aika a kawo mini ruwan leda. Na zaro takardar da na riga na rubuta a gida. A ciki an ce shi ya shiga fili bayan hutun rabin lokaci, shi aka ba kati, kwamishinan wasa ne ya manta bai rubuta canjin ba.

Ya karanta sau biyu. “Baba, ai ban shiga ba.”

“Na sani. Kati ɗaya ne, ba zai yi maka komai ba. Ba ka da ko ɗaya a baya.”

“Gobe Lahadi, ina cikin masu waƙa a coci. In sa hannu a wannan yau, gobe in je in tsaya gaban mutane?”

Sai na kawo maganar mahaifinsa, wanda ya rasu shekarun baya. Na ce da yana raye da ya fi kowa murnar ganin ƙungiyar 'yan masaƙa ta haye. Na ce unguwa duka tana kallonsa. Na ce in mun haye, baɗi ba zai ƙara zama a benci ba, ni zan tsaya masa. Wannan maganar ta mahaifinsa ita ce ta fi damuna har yau, domin na san mutumin, kuma na san da yana raye da ya kore ni daga rumfar.

Ya goge hannunsa a wando ya karɓi biro.

“In kai ka ce, Baba.”

Ɗakin da kwamiti ya zauna ƙarami ne, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Mutum uku ne a bayan tebur. Shugabansu tsohon alƙalin wasa ne mai furfura, maganarsa a hankali, ba ya ɗaga murya. Mutanen Rido suna gefe ɗaya, ni da kyaftin da mai walda muna ɗaya gefen. Koci ya ce zazzaɓi ya kama shi.

Shugaban ya karanta takardar a fili, ya ajiye, ya dubi mai walda.

“Wannan sa hannunka ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe.”

“Ka shiga bayan hutu?”

“E.”

“Madalla. Wa ya fita ka shiga?”

Duk shirin da na yi, wannan tambayar ba ta zo mini a rai ba. Mai walda ya waigo ya dube ni. Ni kuma na dubi fanka.

“Ba a shiga fili sai wani ya fita, ɗana,” in ji shugaban. “Ko ku goma sha biyu kuka buga?”

Wani daga cikin mutanen Rido ya yi dariya, aka harare shi ya yi shiru. Sakatarensu ya miƙe ya ajiye waya a kan tebur. Wani ɗan kallo ne ya ɗauki hoton bidiyo a ranar. Aka kunna. Ga kyaftin nan da ƙaton kansa mai sanƙo, goma sha huɗu a bayansa, alƙali yana ɗaga masa kati. A can gefen hoton kuma ga mai walda zaune a benci da farin singileti, ya rungume hannuwansa.

Kyaftin ya ce, “Ni dai riga aka ba ni na saka. An ce in buga, na buga.” Bai ce wa ya ce ba.

Shugaban ya juyo gare ni. “Baba Sakatare, kai ne babba a nan, kuma kai ka sa hannu a rahoto. Ka san an yi musayar riga? Ka san yadda aka yi wannan takarda?”

Na san in na ce na sani, za su kore ni daga harkar ƙwallo, labari kuma ya bazu a masallacinmu da unguwa cewa dattijo ya shirya ƙarya. Hayewa ta riga ta kuɓuce tun da aka kunna wayar nan. Abin da ya rage in tsira da shi sunana ne kawai.

“Ban sani ba,” na ce. “Yara ne suka yi abinsu. Shi ya kawo mini takardar.”

Rubutun hannuna ne a jikin takardar. Da shugaban ya ɗora ta kusa da jerin sunayen da na saba rubutawa, da magana ta ƙare. Ina jin ya gane, domin ya daɗe yana kallona kafin ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu. Mai walda kuwa zai iya cewa ƙarya nake yi, bai ce ba.

Aka ƙwace makin, ƙungiyar Rido ta haye. Kyaftin aka dakatar da shi wasanni kaɗan. Mai walda aka dakatar da shi kaka biyu saboda shaidar ƙarya. Ni aka yi mini gargaɗi a kan sakaci. Da muka fito na ce wa mai walda ya zo mu hau mota ɗaya, ya ce yana da inda zai biya.

Bai ƙara taka fili ba, ko bayan wa'adin ya cika. Ƙungiyar ma ba ta ƙara kusantar na ɗaya ba, daga baya ta watse. A teburin mai shayin bakin layinmu, inda tsofaffin magoya baya suke haɗuwa da safe, labarin ya zama cewa mai walda ne ya je ya yi ƙaryar da bai iya ba, ya nutsar da ƙungiya. Ina zaune a wurin sau da yawa ana faɗa, ina juya cokali a kofi.

Bara na yi jinya mai tsawo. Da na samu na miƙe, na hau keke-napep na tafi Television. Rumfar ta zama shago, shi ma furfura ta fara fito masa a gemu. Ya gaishe ni da ladabi kamar da, ya jawo kujera. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, na ce ya yafe mini.

“Baba, ni ai na san abin da ya faru,” in ji shi. “Ina wurin. Ba ni ne ban sani ba.”

“To me kake so in yi?”

“Har yanzu kana shan shayi a bakin layinku?”

“Ina sha.”

“Ɗana ya je gyaran ƙofa ta wajenku, aka tambaye shi ko shi ɗan maƙaryacin nan ne. Ya dawo ya tambaye ni, ban ba shi amsa ba.” Ya sauke tabarau kan idonsa, ya ɗauki ƙarfe. “A can ake buƙatar maganar, Baba.”

Washegari da safe na je teburin mai shayi. Mutum shida ne a zaune. Na ce su saurare ni, na faɗa musu tun daga yagewar riga har zuwa abin da na ce a gaban kwamiti. Wani ya ce ai abu ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wani ya miƙe bai ƙarasa shayinsa ba, kuma har yau in mun haɗu kai kawai yake ɗaga mini. Mutum shida sun yi kaɗan a kan waɗanda suka ji labarin farko, shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannun da ya rubuta waccan takardar.