Wa Ya Tsayar Min da Akuya?

Da damina na koma ƙauyenmu kusa da Minjibir, ina haɗa wasan gem na korar awaki daga gona. Na'urar gem da wasan ke gudana a kai tana ɗaki, ni ina zaure ina neman kurakuran wasan ta wata kwamfuta da na girka cikin kwamfutata. Kwamfutar ta ciki ta ƙi ganin na'urar sam, sai da na ba ta nata adireshin sadarwa daban. Suna haɗuwa na tsayar da wasan cak daga zaure don in duba wani kuskure.

Sai na ji ihu daga ɗaki: "Wa ya tsayar min da akuya?"

Na ruga. Inna ce, mai cewa gem shiririta ce, riƙe da abin danna gem ɗin. Na tsaya ina kallonta.

Ta ce, "Kallona kake? Je ka sake ta, ban gama korarta ba!"