Tsohon da Ya Ɗauki Ƙwaryar Tsakuwa

A gidanmu na unguwar Bolori, da an idar da isha'i Kaka Falmata za ta zauna gaban murhu tana suyar gyaɗa cikin yashi. Mu jikoki mu kewaye ta, ba don Allah ba, don ƙonanniyar da take tsamowa ta miƙo mana. Mace ce mai faɗa. Ka yi gyangyaɗi ka ji ranƙwashi a ƙeya. In labari ya yi zafi sai ta zarce da Kanuri, sai mun ja zanenta ta dawo mana Hausa.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba na so, ita kuwa ta fi son ta. Wai a wani gari sarkin kasuwa ya rasu, mutum biyu suka fito nema. Aka ce kowane magidanci ya jefa tsakuwa a ƙwarya, fara ko baƙa. Aka ɗora wa wani tsoho mai amana ƙwaryar ya kai wa dattawa. A hanya ya yi tuntuɓe, tsakuwa ɗaya ta faɗo, ya sunkuya ya mayar da ita. Wani wanzami da ke aski a gindin bishiya ya hango shi. Ya ce wa wanda yake yi wa aski ya ga tsoho yana saka tsakuwa. Wannan ya tashi da sabon aski da sabon labari. Kafin la'asar tsakuwa ɗaya ta zama cikin aljihu, kafin magariba ta zama buhu. Mutane suka tare tsohon suka jefe shi har ya daina motsi. Da dattawa suka ƙirga, tsakuwa ta zo daidai da magidanta, ko ɗaya ba ƙari.

A nan Kaka take tsayawa ta tambaye mu wa ya kashe tsohon. Mu haɗa baki mu ce wanzami. Sai ta yi tsaki ta juya yashinta.

"Wanzamin nan kai uku kacal ya aske ranar. Sauran garin a bakin wa suka ji?"

Ba ta rufe ta da komai, sai dai ta yayyafa wa wuta ruwa ta kore mu.

Kaka ta daɗe da rasuwa. A zaɓen da ya wuce ina zaune a shagona na Moduganari, rediyo a kunne, waya a hannu, gidajen labarai kowa na rige-rigen faɗin wanda ke gaba tun ba a gama ƙirga ba. Ɗan takarata yana shan ƙasa, raina a ɓace. Sai ga wani gajeren bidiyo: mutum a bayan aji, ya ba da baya, ya sunkuya kan akwatin zaɓe, wata murya tana cewa ga su nan suna cusa ƙuri'a. Wallahi ko ƙarshensa ban kalla ba. Na tura rukunin 'yan kasuwa, na dangi, na unguwa, har na iyayen yara na makarantar 'yata. Da yamma na ji wani gidan rediyo yana cewa rahotanni daga kafofin sada zumunta sun nuna an yi maguɗi. Har daɗi na ji.

Ashe mutumin da ke cikin bidiyon Malam Bitrus ne. Malamin lissafin 'yata Hauwa, mutumin kudancin Borno, wanda ya karɓi aikin zaɓe na wucin gadi. Murfin akwatin ne ya tsage, yake ɗaure shi da igiya. A rukunin iyayen yara wani ya gane rigarsa ya rubuta sunansa. Samari suka tare shi a hanyar gida, suka karya masa hannun da yake riƙe alli da shi.

Na je duba shi asibiti da lemo a leda. Ya yi ta godiya, ya tambayi karatun Hauwa. Sannan ya ce a hankali:

"Alhaji, abin da ya fi min ciwo, an ce iyayen yarana ne suka yaɗa."

Na ce Allah ya sawwaƙe. Abin da na iya faɗa ke nan, kuma har yau ina jin kunyar kaina. Da aka sallame shi ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu.

Shekara da shekaru na ɗauka a tatsuniyar nan ni ɗan kallo ne a gefen murhu. Wanda ya ɗauki bidiyon ban san shi ba, kuma ba shi ya kai shi rukunin iyayen yara ba. Jiya Hauwa ta sake tambayata me ya sa malaminsu bai dawo ba. Na ce mata ban sani ba.