Iddar Tarwaɗa

Ni na jawo, kuma ban taɓa musantawa ba. Da na nemi wata kalma ranar nan, da tarwaɗa ba ta yi idda a ƙauyenmu ba.

Mahaifina masunci ne. A Suleja in ka faɗi haka sai a dube ka a ce, "A wane kogin?" To, akwai wani tafki a bayan ƙauyenmu, in ka bar gari ka nufi Tafa, wanda rafi ke cikawa da damina kuma ba ya ƙafewa da rani. A gefensa na gabas, ƙarƙashin wani tsohon ɓaure, akwai gurbi, wato wurin da ruwan ya fi zurfi, inda manyan kifaye ke kwanciya. A nan kakana ya yi ta jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, har ya tsufa, Baba kuma ya gada. Sauran masuntan duk sun san haka, ba mai jefa komarsa a wurin. Kifin gurbin nan ne ya kai ni makaranta har na zama malamin firamare, shi ya sa Baba ke kirana Malam, musamman in yana shirin tsokanata.

Wata Asabar sai ga motoci uku daga Abuja. Mutanen da suka fito sun sa riguna masu aljihu fiye da goma, da huluna masu faɗi, kowa da doguwar sanda mai ɗan keke a gindi na naɗe zare. Suka shimfiɗa kujeru a inuwar ɓauren Baba, suka buɗe kula cike da lemo. Ashe sun riga sun gaida mai unguwa, ya ce ruwa na Allah ne. Babbansu wani ƙaton mutum ne ɗan kudu, mai fara'a, kowa na ce masa Ciyaman.

Kafin azahar Ciyaman ya kamo tarwaɗa. Ban taɓa ganin irinta ba. Da ya ɗaga ta, kanta na ƙirjinsa, wutsiyarta na shafar gwiwarsa. Baba ya shekara yana jin motsinta a gurbin, sau biyu tana yaga masa birgi. Muna tsaye muna kallo suka auna ta da sikeli, suka auna da tef, aka ɗauki hoto, aka maƙala mata wata 'yar roba rawaya a baya kamar ɗan kunne. Sannan Ciyaman ya sumbaci kanta, ya durƙusa, ya mayar da ita ruwa. Abokansa suka tafa masa.

Baba ya nemi wuri ya zauna. Can ya ce, "Malam, je ka tambaye su ko lafiya."

Na je na dawo na ce masa lafiya lau, wasa suke yi.

"Da abinci?"

"Haka suka ce, Baba."

"Sun sha mai daga Abuja, sun zauna a rana, sun kama, sun mayar." Ya girgiza kai. "Allah ya ƙara mana lafiya."

Da a nan abin ya tsaya, da mun samu abin dariya na kowace Asabar kyauta. Amma bayan 'yan watanni mutanen suka kai ƙara wurin mai unguwa, wai koma na ƙarar da kifi, suna so a hana jefa ta a gurbi, a bar musu shi su kaɗai. Baba ma ya kai tasa ƙarar, wai suna cika kifi da burodi suna huda musu baki, har kifin ya yi wayo ya daina shiga birgi. Gaskiyar da ba wanda ya faɗa ita ce tafkin ya fara yin shiru tun kafin zuwan kowace mota. Wasu daga cikin masuntanmu da gidan sauro suke ja, suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Ita kuwa Madam, mai gidan farfesu a Diko wadda ke sayen kifin ƙauyenmu duka, ba ta taɓa cewa wani ya yi ƙanƙanta ba.

Aka sa ranar zama a ƙofar gidan mai unguwa. Tunda ni ne mai Turanci, aka ce ni ne tafinta. Na sa rigata mai kyau, ina jin kaina. Tsoro kuma na nan a cikina, don na san in aka karɓe gurbin nan an gama da Baba. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, kuma ba irin mutumin da zai zauna ɗansa ya ciyar da shi ba ne.

Ciyaman ya yi jawabi mai tsawo, na yi ta bi ina juyawa. Ya ce su ba sa cutar da ruwa, domin tsarinsu yana da suna, ya faɗi wasu kalmomi uku na Turanci. Na tsaya ina lalube. Zan iya cewa "a kama a mayar". Zan iya cewa "a kama a ƙyale". Amma ina son abin ya yi daɗi a kunne, a san an kai ni makaranta. Sai na ce, "Ya ce tsarinsu shi ne kamu da saki."

Baba ya ɗago kai. "Saki?"

"Saki, Baba."

"Ita babbar, mai ɗan kunne, sun sake ta ke nan?"

"Ai a gabanka aka yi."

"Tambaye shi saki nawa."

Na tambaya. Ciyaman ya ji daɗi ƙwarai. Ya zaro waya ya nuna hotuna, ga shi rungume da ita da riga ja, ga shi da riga shuɗiya, ga shi kuma da wata mai zane. Ya ɗaga yatsu uku sama don kowa ya gani.

"Da hannunsa?" in ji Baba. "Ba wanda ya tilasta shi? Yana cikin hankalinsa?"

Ciyaman ya tabbatar da duka, har yana bugun ƙirji.

Baba ya juya ga jama'a a hankali. "To, kun ji da kunnenku. Saki uku. Ranka ya daɗe, wanda ya yi saki uku, me ya rage masa a gidan?"

Wurin ya fashe da shewa. Wani Alhaji cikin 'yan Abujan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Liman ya tattara rigarsa ya ce shi kam a cire shi daga wannan shirme, ya yi gaba. Ciyaman yana ta waige-waige yana tambayata me ya faru, ni kuwa na rasa ta inda zan fara gaya wa bawan Allah cewa ya rabu da kifi rabuwa ta har abada. Da na yi masa bayani ya ce, "Which kind wahala be this?" Madam daga bayan taro ta ce, "Na true Baba talk, oga. Kai ka sake, mu za mu dafa."

Baba bai yi ko murmushi ba. Ya ce tunda saki uku babu kome, sai ta shiga hannun wani, kuma kowa ya san wanda ya daɗe yana nema.

Mai unguwa tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya bari hayaniya ta lafa, ya gyara zama, ya ce, "Maganarka ta hau. Saki uku ya tabbata, shaidu sun ji." Masunta suka fara murna. Ya ɗaga hannu. "Amma wadda aka saka, ana nemanta washegari?"

Murnar ta tsaya.

"Sai ta yi idda. Wata uku. Kuma tunda ba wanda ya san inda za ta kwana a cikin ruwan, tafkin gaba ɗaya ɗakinta ne. Ba ƙugiya, ba koma, ba gidan sauro. In ta gama, mai gurbi ya nema."

Daga baya na gane tsohon ya shekara biyar yana neman hanyar da zai rufe tafkin da damina, lokacin da kifi ke ƙwai, kamar yadda ake yi zamanin iyayensa. Wani jami'i ma ya taɓa zuwa da takarda a kan haka, aka ƙunshe ƙosai da ita. Ranar nan kuwa ba wanda ya iya cewa uffan, don masuntan da bakinsu suka yi shewar saki uku, kuma wanda ya karɓi saki ba shi da bakin ƙin idda. A hanyar gida Baba ya ce mini, "Malam, ka ga abin da Turancinka ya jawo."

Watannin nan uku sun yi mana tsawo. Baba ya gyara birginsa har ya rasa inda zai ƙara gyarawa. Inna ta koma miyar kuka ba kifi, kullum tana tambaya ko an ji labarin mai idda. Na kai buhun masara gidan, Baba ya ce in ajiye a ɗakin Inna kada ya gani. Masuntan da da suke satar jan gidan sauro su ne suka zama 'yan gadi, don ba wanda zai yarda ya ji yunwa wani ya riga shi. Wani baƙo da aka kama da fatsa a bakin ruwa, da aka ce masa yana neman mai idda, ya jefar da sandar ya yi ta rantsuwa shi ko mace bai gani ba. Ciyaman kuma yakan zo wasu Asabar ɗin ya zauna a kujerarsa hannu wofi, yana kallon ruwa. Mutane suka riƙa yi masa jaje, yana amsawa.

Ranar da idda ta cika, da hantsi, ƙauyen duka na bakin tafki. Ruwan ya canza. Duk inda ka duba 'ya'yan kifi ne baƙi ƙirin a gefe-gefe, abin da rabona da gani tun ina yaro. Madam ta iso da babban baho da 'yar tabarmarta. Baba ya shiga har ƙugu, ya jefa birgi sau ɗaya, sau biyu, karfasa kawai. A jifa na huɗu igiya ta miƙe, na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi. Sai da mutum biyu suka taya shi.

Ita ce, da ɗan kunnenta. Baba ya rungume ta a cikin ruwa yana haki, ita ma tana buɗe baki. Na ga tabon ƙugiya uku a leɓenta. Madam ta turo baho. Baba ya daɗe yana kallon kifin, ya kalli 'ya'yan da ke yawo a ƙafafunsa. Sannan ya ciro wuƙa, ya yanke 'yar robar ya miƙa wa Ciyaman kayansa. Ya sunkuya ya ce, "Je ki, na sake ki. Saki ɗaya."

Ta bugi ruwa da wutsiya ta ɓace.

Madam ta ɗora hannu a ka. "Baba, you too? Kai ma ka kamu da ciwon nasu?"

Baba ya fito yana ɗigar ruwa, ya ce, "Malam, fassara masa, kuma ka fassara daidai wannan karon. Saki ɗaya ne, akwai kome. Tawa ce, gurbi ɗakinta ne. Su yi wasansu a can yamma, ba wanda ya hana su. Wata uku kuma za ta yi mini idda in damina ta zagayo."

Mai unguwa ya ce lissafin iddar ya ɗan karkace, amma ya karɓa. Haka gurbi ya tabbata na Baba, a gaban shaidu, har da hoto a wayar Ciyaman. Na yi farin ciki ranar nan irin wanda ban taɓa yi ba, na tafi gida ina gaya wa kowa ni na zaɓi kalmar.

Shekara ta zagayo, aka rufe tafki aka buɗe. Baba ya cika baho da karfasa da ƙananan tarwaɗa, Madam ta huce. Ana cikin haka babbar ta sake faɗawa birginsa. Ya yi dariya, ya shafa kanta, ya ce, "Kin dawo ke nan. To, je ki, na sake ki." Wani daga bakin ruwa ya ce, "Biyu ke nan fa, Baba." Aka yi dariya. Baba bai yi ba.

Tun daga ranar bai ƙara jefa birgi a gurbin ba. Yakan yi kamun kifinsa a gefen arewa tare da sauran, inda ruwa bai kai cinya ba, ya samu abin da ya samu. Na yi zaton ciwon baya ne. Da na gaji na tambaye shi, na ce, "Baba, wurin da ka yi ta faɗa a kansa, ka samu, ka kuma bar shi?"

Yana zaune a gindin ɓauren, a kan kujera mai naɗewa da Ciyaman ya ba shi, birgin na ninke a gefensa.

Ya ce, "In na jefa ta shiga fa? In riƙe ta, sai bahon Madam. In sake ta, ya cika uku."

Na ce, "Baba, kifi ne fa. Kalma ce kawai na yi kuskurenta."

"Na sani, Malam," in ji shi, idonsa na kan ruwan. "Saura ɗaya gare ni."